Allurar Modecate ta masu taɓin hankali: aikinta a cikin ƙwaƙwalwa, da inda ake kuskure da ita

'Yar kwalbar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Mililita ɗaya ne a cikinta, ruwan ɗorawa-ɗorawa, mai kauri, in ka karkata kwalbar sai ya gangaro a hankali, domin man riɗi ne aka narkar da maganin a ciki. A jikinta an rubuta fluphenazine decanoate 25mg/ml. Ma'aikatan jinya kan ce mata Modecate ko da wani kamfani ne daban ya yi ta, iyalan majinyata kuma su ce allurar wata-wata. Tsohon magani ne, tun ƙarshen shekarun 1960 ake amfani da shi, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Hukuncinmu a kanta shi ne: allura ce mai araha mai aiki, ta cancanci matsayinta a Zariya, amma tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa ƙarama ce ƙwarai, kuma in an yi ta an yi ta, ba mai iya zaro ta daga jiki. Galibin munanan labaran da ake bayarwa a kanta daga gaggawa suke fitowa, ba daga kwalbar ba.

An yi ta ne domin mai ciwon nan na jin muryoyi da zargin ana ƙulla masa sharri, wanda likitoci ke kira sikizofireniya, musamman wanda ciwon ya sha dawo masa saboda barin shan ƙwaya. Wani babban nazari da aka buga a 2012, wanda ya tattara gwaje-gwaje masu yawa, ya nuna cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 27 cikin ɗari na waɗanda suka ci gaba da magani, ya dawo wa kashi 64 na waɗanda aka janye musu. Mutumin da ke Soba ko Giwa ko Maƙarfi, wanda zuwa asibitin koyarwa na Shika ke cinye masa yini da kuɗin mota, wanda kuma mahaifiyarsa ta gaji da rigimar "sha maganinka" kowane dare, allura ɗaya a mako biyu zuwa biyar sauƙi ce babba a gare shi. Ga wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: in bai zo ba, katinsa zai nuna. Mai ƙwaya kuwa zai iya tofar da ita wata uku ba wanda ya sani.

Dalilin daɗewarta a jiki ba wani abin mamaki ba ne. An ɗaura wa maganin wata jelar kitse mai ƙwayoyin kabon goma, wadda ke sa ya fi son zama cikin mai. Man ya kwanta a cikin tsoka, maganin yana tsiyayowa kaɗan-kaɗan, enzayim na jiki, wato furotin masu yanka ko haɗa sinadarai, su yanke jelar, sannan ya bi jini zuwa ƙwaƙwalwa. Sai dai tsiyayar ba daidai take ba. A yini na farko wani kaso yakan fito da ƙarfi kafin ya daidaita, shi ya sa illolin tsoka suka fi bayyana a kwanakin farko bayan kowace allura.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa ya cancanci a tsaya a kansa, domin duk alherin allurar da sharrinta daga nan suke. Dofamin, sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi, baƙo ne da ba ya wuce zaure. In wata ƙwayar jijiya ta sake shi, ba ya shiga cikin ƙwayar da aka aike shi wurinta. A bakin fatarta yake tsayawa, ya manne da wani furotin da ake kira makarɓin D2, ya ba da saƙo, 'yan cikin gida su kai. Na farko a cikinsu furotin Gi ne, wanda ke liƙe da D2 ta ciki. Dofamin na taɓa D2 sai Gi ya rabu biyu, ɓari ɗaya ya je ya danne enzayim ɗin da ke ƙera cAMP, wani ɗan sinadari mai kai saƙo a cikin ƙwayar. Da cAMP ya yi ƙasa, wani enzayim mai suna PKA, wanda ba ya motsi sai da cAMP, ya yi sanyi. Aikin PKA liƙa wani ɗan sinadari, fosfet, a jikin wasu furotin, abin da ke kunna wasu ya kashe wasu. Ɗaya daga cikinsu DARPP-32 ne: in aka liƙa masa fosfet a gurbi na 34, sai ya riƙe PP1, wato enzayim ɗin da ke ɓamɓare fosfet daga jikin sauran. Wato in PKA ya motsa, mai liƙawa ya ƙara himma, mai ɓamɓarewa an ɗaure shi, ƙaramin saƙo ya zama babba. Wannan bincike ne ya ba Paul Greengard kyautar Nobel a 2000, tare da Eric Kandel da Arvid Carlsson na Suwidin, wanda tun 1963 ya kawo ra'ayin cewa irin waɗannan magunguna toshe makarɓan dofamin suke yi.

Maganin cikin Modecate yana zama a kan D2 ba tare da ya ba da saƙo ba, ya kuma hana dofamin zama. Gi bai sami umarni ba, cAMP ya tashi, PKA ya motsa, DARPP-32 ya sha fosfet. A ƙwayoyin sashen ƙwaƙwalwa mai tsara motsi, wannan tashi na cAMP shi ke taka wa motsi birki. Abin da ke ingiza cAMP sama a waɗannan ƙwayoyi wani makarɓi ne, A2A, wanda kafeyin ɗin goro da shayi ke toshewa. A gwajin ɓeraye ma an ga kafeyin na rage sandarewar da irin waɗannan magunguna ke kawowa. Wannan fa ba izinin cika baki da goro ba ne, yawansa na hana barci, rashin barci kuma na tayar da ciwon.

Akwai hanya ta biyu wadda ba ta bi ta Gi, ta fi nawa, ta kuma fi daɗewa. Bayan dofamin ya zauna a D2, wani furotin mai suna beta-arestin 2 yakan zo ya haɗa wasu enzayim biyu, PP2A da Akt, wuri ɗaya. PP2A ya cire wa Akt fosfet, Akt ya mutu. Shi kuwa Akt aikinsa riƙe wani enzayim, GSK-3, to da ya mutu GSK-3 ya sami sake. Toshe D2 na juya wannan: Akt ya rayu, GSK-3 ya dannu. Ɗakin binciken Marc Caron a Jami'ar Duke ta Amurka ne ya warware wannan hanya a 2004 da 2005, a jikin ɓeraye. Abin sha'awa, lityam, maganin ciwon hawa da saukar yanayin rai, wanda ba ruwansa da toshe D2, shi ma GSK-3 yake dannewa. Magunguna biyu da ba su yi kama ba sun haɗu a furotin ɗaya.

Abu uku ke fita daga wannan bayani, kuma duk ana ganinsu a ɗakin jinya. Toshe D2 cikin sa'o'i yake faruwa, amma PKA da Akt da GSK-3 har cikin cibiyar ƙwayar suke kai saƙo, su sauya irin furotin da ƙwayar za ta ƙera, wannan kuwa aikin makonni ne. Barci da natsuwa kan fara zuwa a makon farko, muryoyi su yi ta raguwa, zargi ya fi daɗewa. Ba a yanke wa maganin hukunci kafin mako huɗu zuwa shida. Sannan matsalar asali a wannan ciwo ita ce yawan ƙera dofamin da sakinsa, allurar kuwa ba ta taɓa wannan, wurin karɓa kawai ta toshe, shi ya sa ciwon ke dawowa in an daina. Abu na uku shi ne maganin ba ya zaɓen wuri. D2 na hanyar da ke kawo muryoyi, da na hanyar motsi, da na ɗan ƙullutun ƙasan ƙwaƙwalwa mai sakin furolaktin, sinadarin da ke sa nono ya kawo ruwa, duk ɗaya ne a wurinsa.

Hoton ƙwaƙwalwa na PET ya ba da lissafi. A wani bincike da Shitij Kapur da abokan aikinsa suka buga a 2000 daga Toronto, da maganin halofaridol, sauƙi ya fi samuwa in an toshe kusan kashi 65 cikin ɗari na D2, furolaktin ya fara hawa daga kashi 72, sandarewa da karkarwa daga kashi 78. Tsakanin 65 da 78 ake son a zauna. Da allurar da ke tsiyaya makonni, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Shi ya sa ake fara ta da gwaji. Kafin komai ya kamata a ce majinyacin ya taɓa shan irin wannan magani ta baki, an ga yana yi masa aiki, jikinsa kuma ya ɗauka. Allurar gwaji miligiram 12.5 ce, wato rabin kwalba. Dattijo miligiram 6.25, rubu'in kwalba. A jira kwana 4 zuwa 7 a ga yadda jiki ya karɓa, sannan likita ya tsayar da adadi da tazara. Iyakar da aka yarda da ita miligiram 12.5 zuwa 100 ne duk kwana 14 zuwa 35, amma mutane da yawa miligiram 25 ya ishe su, wasu ma 12.5. Babban kuskuren da ake yi shi ne ƙari a kowane zuwa. An yi allura ta farko, bayan mako biyu iyali sun ce yana surutu har yanzu, an ninka. Ba a lura ba cewa ta farkon ba ta ƙare ba, ta biyu a kanta za ta hau, ta uku a kan ta biyu. Sai bayan wata biyu zuwa uku adadin da ke jini yake daidaita. Wanda aka yi wa ƙari sau uku a jere, a wata na uku za a gan shi ya sandare, miyau na dalala, yana jan ƙafa, a ce allurar ta mayar da shi dolo. In ana bukatar ƙari a makonnin farko, da ƙwaya ake cikewa, ita ana iya dakatar da ita gobe.

Yin allurar ma yana da ƙa'ida, kuma ba aikin mai kemis na unguwa ba ne. Sirinji da bakin allura su kasance busassu, ɗigon ruwa kaɗai na gurɓata man. A ɗan riƙe kwalbar a tafin hannu ta yi ɗumi, man zai fi saurin zuƙuwa. Bakin allura mai lamba 21, koren nan, tsawon inci ɗaya da rabi, mai ƙiba inci biyu, domin in man ya tsaya a kitse bai kai tsoka ba, ƙullutu zai yi, maganin kuma ya fita yadda ya ga dama. Wurin shi ne sashen sama na waje na ɗuwawu, nesa da babbar jijiyar da ke gangarawa ƙafa. A ja fatar gefe kamar santimita biyu zuwa uku, a soka a miƙe, a ja sirinjin baya a tabbatar ba jini, a tura a hankali, kamar daƙiƙa goma ga mililita ɗaya, a dakata wasu daƙiƙa goma, a zare, sannan a saki fatar. Fatar na komawa wurinta sai ta rufe hanyar, man ba zai biyo baya ba. Ba a mulmula wurin, ba a gasa shi da ruwan zafi a gida kamar yadda aka saba da sauran allurai. A rubuta a kati hagu ne ko dama, wata mai zuwa a koma ɗaya gefen. Ba a taɓa yin ta a jijiyar jini. Majinyacin kuma ya ɗan zauna kafin ya miƙe, maganin na iya sauke matsin jini ya sa jiri.

Illar da ta fi tayar da hankalin gida takan zo cikin kwanakin farko, ta fi kama samari. Wuya ya murɗe gefe guda, idanu su kafe sama sai fari, harshe ya leƙo ko muƙamuƙi ya ƙage. Yana ji, yana gane kowa, tsoro ya cika shi, magana ce ta gagara. Mutanen gida na gani sai a ce iska ce, a nemi mai ruƙiyya. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Abin da ya faru shi ne akwai wasu ƙwayoyi masu sakin asetilkolin, wani sinadarin kai saƙo, waɗanda dofamin ke riƙe wa linzami ta D2. An toshe D2, asetilkolin ya yi yawa, tsoka ta ƙanƙame. Allurar maganin da ke toshe asetilkolin takan kwance shi cikin rabin awa. In ya taɓa maƙogwaro, numfashi ya fara ƙara, ba a jiran gari ya waye. Nas mai sanin aikinta takan faɗa wa uban tun ranar allurar farko: "Baba, in ka ga idonsa ya juye sama ko wuyansa ya karkace, maganin ne, ku kawo shi nan take, yana da makari."

Makarin da aka fi sani Artane ne, wanda matasa suka fi sani da Exol-5, kuma a nan ra'ayinmu ya saɓa da al'adar da ta yaɗu ta haɗa shi da kowace allura har abada. Yana maganin sandarewa da rawar hannu, gaskiya ne, ana farawa da miligiram 1 ko 2 a rana a ƙara a hankali. Amma yana busar da baki, ya dushe gani, ya taurara bayan gida, ya riƙe wa dattawa fitsari, ya rage zufa, ya kuma taɓa ƙwaƙwalwa wajen riƙe abu, domin makarɓin M1 da yake toshewa na cikin masu aikin koyo. Ga shi ana shansa don maye, ƙwayar majinyaci na iya ƙarewa a aljihun ƙaninsa. A bar shi a hannun babba a gida, a sake duba bukatarsa bayan kamar wata uku. Wanda ba ya iya zama sai da Artane mai yawa, allurarsa ce ta yi yawa.

Akwai wata illa da ake yawan ɗauka ciwon ne ya dawo. Mutum ya kasa zama, ya tashi ya zauna, ya yi ta kai da komo a tsakar gida, ko zaman tahiya sai ƙafafunsa na motsi. In ka tambaye shi zai ce daga cikin ƙafafun abin ke tasowa, ba tunani ba ne. Ƙarin allura ƙara ta yake yi, kuma azabarta na iya kai mutum ga tunanin kashe kansa. Rage adadi ne gyaranta, wani lokaci da furofaranolol kaɗan, ban da mai asma. Artane bai cika yi mata komai ba.

Furolaktin kuwa shi ne abin da ba a faɗa saboda kunya. Ƙullutun da ke sakinsa yana wajen shingen da ke tace abin da ke shiga ƙwaƙwalwa, don haka maganin na isa gare shi sosai. Mace al'adarta ta ɗauke, nono ya kawo ruwa, a gida a fara cewa ciki ne ya kwanta. A yi gwajin ciki tukuna, domin ɗaukewar al'ada ba ta hana samunsa, sannan a gaya wa likita. Namiji sha'awa ta ragu, gaba ya yi rauni, ya tafi wurin masu maganin basir da sanyi, ko ya daina zuwa allura bai faɗi dalili ba. Wannan na cikin manyan dalilan da magidanta ke ɓacewa daga asibiti. Ana iya rage adadi, ko a ƙara wani magani, arififirazol, kaɗan, wanda ke zama a D2 ya ba da rabin saƙo, furolaktin ya sauka.

Ta dogon lokaci ta fi duka muni. Ƙwayar da aka toshe wa D2 shekaru takan ƙera ƙarin makarɓai, su kuma ƙara saurin amsawa. Sai a ga leɓe na motsi, harshe na juyawa, mutum na taunar banza ba komai a bakinsa, sau da yawa shi bai ma sani ba. A tsofaffin magunguna irin wannan, kusan mutum 5 cikin 100 ke kamuwa kowace shekara, dattawa ninkin haka da yawa, kuma wani lokaci ba ta tafiya ko an daina maganin. Ƙarin allura na ɓoye ta na ɗan lokaci ya ƙara mata tushe, Artane kuma tsananta ta yake yi. Duk wata shida a sa majinyaci ya buɗe baki, ya fito da harshe, ya ɗora hannu a gwiwa, a duba. Minti biyar ne. Asibitin da ke yin allura ba ya yin wannan, rabin aiki yake yi.

Zafin bazarar Zariya, Maris da Afrilu, ya ƙara wata damuwa. Maganin na dagula yadda jiki ke daidaita zafinsa, Artane na hana zufa, mai aikin gona ko ɗan acaɓa na cikin rana. Ruwa da inuwa ba shawarar banza ba ce a gare su. Akwai kuma wata illa da ba kasafai take zuwa ba amma tana kisa: zazzaɓi mai zafi, duk jiki ya sandare, zufa, bugun zuciya da sauri, ruɗewa, fitsari ya yi duhu. Lokacin sanƙarau ne, ga maleriya kullum tana nan, don haka cikin sauƙi za a bi wata hanyar. Duk wanda ya kai irin wannan majinyaci sashen gaggawa, kalmar farko a bakinsa ta zama sunan allurar da ranar da aka yi ta. Da allurar mai, wannan hali kan daɗe fiye da na mai ƙwaya, saboda maganin na ci gaba da tsiyayowa.

Magungunan da ba ta jituwa da su na nan a kowane kanti. Maxolon na amai shi ma D2 yake toshewa, haɗa su na jawo murɗewar wuya. Taramol da ita duka suna sauƙaƙa farfaɗiya. Wani enzayim na hanta, CYP2D6, shi ke narkar da ita, fuloksetin na dannewar rai, wato ciwon damuwa, yana danne shi, adadinta ya hau. Tegretol na farfaɗiya kuma rage ta yake yi. Kwinin, da lumefantirin da ke cikin Coartem, suna iya haɗuwa da ita su taɓa tsarin bugun zuciya, saboda haka a gaya wa mai rubuta maganin maleriya, kada a saya kai tsaye. Ba ta dace da mai ciwon Fakinsin na rawar jiki ba, ko mai ciwon hanta, ko mai tsananin dannewar rai. Tsoho mai ruɗewar tsufa kuwa, irin waɗannan magunguna na ƙara masa haɗarin mutuwa, kuma yi masa ita don ya bar yawon dare ba daidai ba ne. Da azumi ba ta da wahala: malamai da yawa na ganin allurar tsoka da ba abinci ba ce ba ta karya shi, mai shakka kuma ana iya yi masa bayan shan ruwa.

Wajen saye, da takardar likita ake karɓar ta a kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magani. A duba lambar NAFDAC, lambar rukunin da ke kwali ta dace da ta jikin kwalba, ranar lalacewa ba a kankare ba, man kuma garau. Ajiya ce rauninta a nan: ana son kada zafi ya wuce digiri 25, haske kuma kada ya taɓa ta, bazara kuwa na haura 35. Firji ba mafita ba ne, sanyi na sa kitsen man riɗi ya daskare ya yi gari-gari. Abin da ya fi shi ne a saye ta dab da ranar allura, a bar ta cikin kwalinta a ɗaki mafi sanyi, kada a tara ta wata shida a cikin mota ko saman talabijin. Mai ƙyamar riɗi a jiki, wanda yake sa shi ƙaiƙayi ko kumburi, ya faɗa tun farko.

In aka jera ta da 'yan uwanta, Haldol na allura shi ma cikin man riɗi yake, ya fi ta daidaito domin rabinsa kan ɗauki kusan mako uku kafin ya fita, mako huɗu cif yake riƙewa, amma sandarewarsa ba ta gaza tata ba. Depixol cikin man kwakwa yake, ana gwada shi da miligiram 20, ya fi dacewa da mai sanyin jiki da janyewa daga mutane, bai dace da mai tashin hankali ba. Risperdal Consta sai da firji mai digiri 2 zuwa 8 da ƙwaya ta mako uku kafin ta fara aiki; da irin wutar da muke samu, wannan kaɗai ya isa ya fitar da ita. Invega Sustenna ba ta bukatar firji, sandarewarta ta fi sauƙi, sai dai tana ɗaga furolaktin da ƙiba, kuɗinta kuma ya ninka na Modecate nesa ba kusa ba. Ga iyalin da daga aljihu suke biya, maganin da za a iya saye kowane wata har shekara biyar ya fi wanda za a saya sau biyu a tsaya. Inda Modecate ba ta da abin yi shi ne mutuwar zuciya da rashin son magana da ke biyo wannan ciwo, tana iya ma ƙara su. Haka wanda aka gwada masa magunguna biyu yadda ya kamata muryoyin ba su tafi ba, kusan ɗaya cikin uku ke nan, ƙara masa allura ɓata lokaci ne. Wani magani, kulozafin, ake dubawa, da gwajin jini a kai a kai, a Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Wanda ranarsa ta wuce da mako ɗaya ko biyu ya zo kawai a yi masa, kada a ninka don ramuwa. Wanda ya yi watanni bai zo ba, da ƙaramin adadi za a sake farawa. Dainawa kuma tana yaudara: bayan allurar ƙarshe maganin na nan a jiki makonni, mutum ya ji ya fi ƙarfi domin sandarewa ta sake shi, gida a ce ai ya warke, ciwon sai bayan wata uku ko shida ya dawo, lokacin ba mai danganta shi da barin allura. Ƙarin makarɓan da ƙwayoyin suka ƙera ma suna bukatar lokaci kafin su koma yadda suke. In likita ya ga lokacin ragewa ya yi, kaɗan ake ragewa, a bar aƙalla wata uku tsakanin ragi da ragi, wani a gida kuma ya riƙa lura da barcin majinyacin, domin shi ke fara lalacewa kafin muryoyi su dawo.